Kafin Ka Kwance Sensar Salansa

Tunda masu a-kori-kura sun fara sanin ƙofar garejinka, akwai maganar da nake so ka riƙe game da sensar nan da ke jikin salansa, domin kuɗin bayin Allah da yawa na salwanta a kanta, kuma galibi ba da mugun nufi ba. Mota ta zo wutar cek na ci, yaro ya jona na'ura, lamba ta ambaci sensa, sai a tura mai mota Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wata. A ɗaura, a goge lambar, kwana biyu wutar ta dawo. Ko a motar da take yadda kamfani ya ƙera ta wannan gaggawa ce, balle wadda hannaye suka taɓa: an canza mata salansa, an fasa tukunyar tace hayaƙi an kwashe indomi, wato saƙar da ke cikinta, an sa mata gas, ko an ɗora mata injin da ba nata ba.

Mu da muka tashi a kan kafireto, da kunne da sukudireba muke daidaita mai da iska. Motar yanzu ƙwaƙwalwarta ke wannan aiki, kuma abin da take nema shi ne awo ɗaya na fetur ga awo 14.7 na iska, in aka auna da nauyi. Ba ta ganin cikin injin. Sai hayaƙi ya fito sensa ta gaya mata yawan oksijin da ya rage a ciki. In ya yi yawa ta ƙara mai, in ya yi kaɗan ta rage. Tun 1976, da Bosch na Jamus ya ƙera ta aka fara sa ta a Volvo, aikinta ke nan. Ɗan aike ce, abin da ta tarar shi take faɗa, kuma zuwa da labari marar daɗi bai nuna ita ce ta lalace ba.

Saboda haka kafin ka ɗauki sifana, zaunar da mai motar ka yi masa tambaya. Me aka canza? Yaushe? Wutar ta riga aikin kamawa, ko bayansa ta zo? Wani zai ce maka ba a taɓa komai ba, don a wurinsa kai mota wurin mai walda ba gyara ba ne. Kar ka yi musu da shi. Shiga ƙarƙashin motar da tocila, sabuwar walda ba ta ɓuya.

Sannan ka san wace iri ce a gabanka, don a nan ƙwararru ma kan yi tuntuɓe. Tsohuwar sensa, in ta yi zafi, wutarta na hawa da sauka tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ba ta zama wuri ɗaya. Amma Toyota da yawa, musamman Tacoma da Tundra da ake shigowa da su daga Amurka, ta gaban tukunya wata iri ce dabam. A na'ura za ka gan ta tsaye wajen 3.3, kamar ba ta motsi, kuma lafiyarta ke nan. Karatunta ma a juye yake: in iska ta yi yawa lambar hawa take, in mai ya yi yawa ta sauka. Ka taka totur farat ɗaya, za ka ga ta faɗi. Ka sake shi, ta haura, sannan ta koma mazauninta. In ta yi haka da hanzari, ƙyale ta. Zarensu ɗaya ne da na tsohuwar, sifana mai lamba 22 ke kwance su duka, shi ya sa mai shago zai miƙo maka mai arha ya ce ai duk ɗaya ne. Za ta shiga ramin, amma ƙwaƙwalwa ba za ta gane yarenta ba.

Lambobin da ke maganar hita, irin su P0031 da P0135 na gaba, ko P0037 da P0141 na baya, su ne masu sauƙi. Sensa ba ta fara aiki sai zafinta ya haura digiri 300, irin ta Toyota ɗin nan ma sai ya ninka haka, don haka aka sa mata hita a ciki. Wayoyi biyun da suke launi ɗaya su ne nata, baƙaƙe a Denso, farare a Bosch. Cire soket ka auna su da mita; in babu hanya ko kaɗan, hitar ta ƙone, sayen sabuwa ya halatta. In da hanya, duba fiyus, ka bi wayar da hannunka har inda ta shiga babban ƙunshi. A motar da aka canza wa salansa ko aka ɗaga ta sama, sau da yawa za ka tarar wayar ta kwanta a kan ƙarfe mai zafi ta narke, ko ta yi gajarta an ja ta har ta tsinke a ciki, ko an yanke an ƙara mata wata an murɗe da hannu an naɗe da salatif. In ƙari ya zama dole, a yi shi ta ɓangaren wayar mota, a matse da kyau, kada a taɓa jelar sensar da dalma. Kuma a injin mai silinda shida ko takwas, tabbatar ba a musanya soket ɗin dama da na hagu ba. In aka yi haka, ƙwaƙwalwa na jin kukan wannan ɓangare tana ba wancan magani, ɗaya ya cika da mai, ɗaya ya bushe, alhali duk sensocin lafiyarsu lau.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne P0171, da 'yar'uwarta P0174 ta ɗaya ɓangaren. Ma'anarsu iska ta rinjayi mai. Ba su ce sensa ta mutu ba. Buɗe na'urarka ka nemo layuka biyu, STFT da LTFT, su ne ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa a kan lissafinta na asali. Haɗa su. In jimillar ba ta wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba, babu abin tada hankali. In ta kai 20 ko 25 a silo, amma da ka ɗaga injin zuwa 2,500 ta sauko, to iska ce ke satar hanya ta bayan ma'aunin iska: tiyo ya tsage, gaskit ɗin manifol ya saki, ko an cire wani bututu lokacin gyara an bar bakinsa a buɗe. In kuma a silo lafiya, sai an ɗora wa injin nauyi lambar ke hawa, duba famfon mai da matatarsa da nozul, ka kuma duba ma'aunin iskar kansa. Samarin da ke cire akwatin iska su sa buɗaɗɗiyar matata don injin ya yi gurnani ba sa tuna ƙurar hunturu; ita da man da ake shafa wa irin wannan matata kan rufe siririyar wayar ma'aunin, ya riƙa ƙirga iska ƙasa da wadda ta shiga.

Akwai kuma wadda ta fi ruɗa mutane. Na'ura na cewa mai ya yi kaɗan, amma motar na shan mai kamar me, filogi ya yi baƙi, hayaƙi na yaji a ido. Nemi huda a salansa tsakanin injin da sensa. Hayaƙi ba a miƙe yake fita ba, bugu-bugu yake, kuma tsakanin bugu da bugu ƙaramar huda na zuƙo iskar waje. Sensa ta ji oksijin ta faɗi gaskiyar abin da ta ji, ƙwaƙwalwa ta yi ta antaya mai a injin da ba ya bukata. Da safe, injin na sanyi, kasa kunne za ka ji tas-tas-tas a wajen manifol, wani lokaci ya ɓace in ƙarfe ya yi zafi ya kumbura ya rufe hudar. Duba baƙin toka a gefen mahaɗa da bakin walda. Sa yaro ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, ka shafa ruwan sabulu, kumfa zai nuna maka wurin. Wannan gwaji a fili ake yin sa, ba a cikin rufaffen shago ba, domin iskar da ke kisa a hayaƙin mota ba ta da wari.

Duba kuma inda mai walda ya dasa mazaunin sensar. In ya kai shi can nesa da injin, hayaƙi kan huce kafin ya iso, sensa ta yi nawa, ka ga P0133. In ya dasa shi ta ƙasan bututu, raɓar da ke taruwa da safe za ta kwarara kanta ta fasa tangaran ɗin ciki. Daga gefe zuwa sama ake sa shi, jelar na kallon sama ko da kaɗan ne.

Maganar indomi kuwa, ka faɗa wa mai mota gaskiya ko ba ta yi masa daɗi ba. Sensar baya aikinta gadin tukunya. In saƙar nan ta ciki na nan tana aiki, karatun ta baya a kwance yake. In an kwashe ta, sai lambar P0420 ko P0430 ta fito. Sensa goma za ka canza, ba za ta tafi ba. Ƙarafa masu tsada da ke jikin saƙar, filatinam da faladiyam da rodiyam, su suka sa ake sayenta, shi ya sa wani ma bai san an kwashe masa ba. Za a ce ka sa ɗan ƙarfen da ke janye sensa daga hayaƙi don wutar ta mutu. Ni ban so maka wannan. Gubar na nan tana fita, yaranka ne ke shaƙarta a gareji, da mai talla da ɗan makaranta a cunkoson titi, kuma ranar da aka sayar da motar an ɓoye wa mai saye aibi da hannunka. In mai motar ba shi da halin sabuwar tukunya yanzu, bayyana masa abin da wutar ke nufi, ka ce ya riƙa kawowa ana dubawa, don wutar da ke ci kullum tana rufe sabuwar matsala. In kuma toshewa ta yi aka fasa ta, nemo abin da ya toshe ta, filogi mai fashi ne ko injin mai cin baƙin mai, in ba haka ba sabuwar ma hanyar za ta bi.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, motocin da aka mayar masu amfani da gas sun yawaita, kuma za su zo maka. Ƙwaƙwalwar gas tana kwaikwayon umarnin da ta fetur ke ba nozul ne. In ba a saita ta daidai ba, lissafin man zai karkace, har in an koma fetur motar ta riƙa shaƙewa. Gwajin ba wuya: goge lissafin, a yi tafiya da fetur zalla, ka rubuta lambobin, a koma gas, ka sake dubawa. In a fetur lafiya, mayar da shi wurin wanda ya sa gas ɗin ya gyara saitinsa. Haka nan ka tambaya ko an cire tamostat, al'adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu. Injin da ba ya kai zafinsa yakan daɗe yana shan mai da yawa, toka ta rufe bakin sensa.

In duk ka bi waɗannan ka tabbatar ta mutu, dubi bakinta kafin ka ajiye. Baƙar toka mai laushi, mai ne ya yi yawa. Fari kamar alli, yawanci gam ɗin silikon ne da aka lafta wa gaskit, ko ruwan lagireto da ke shiga silinda. Ɓawo mai maiƙo, baƙin mai ne injin ke ƙonawa. Wanke ta da fetur ba ya tada wadda guba ta kashe, kuma abin da ya kashe ta yana jiran sabuwar.

Wajen saye, bi lambar shasi, ka nemi irin wadda kamfani ya sa tun farko, a Toyota galibi Denso ce. In an canza injin, lambar shasi ba ta da amfani a nan. Bi injin da ƙwaƙwalwar da ke tuƙa shi. Kwance tsohuwar sensar tun salansa na da ɗumi, ka cire soket tukuna don kada wayar ta murɗe, man hana tsatsa ya tsaya a zare kawai, ka ɗaure wayar nesa da zafi da farfela. Bayan ka goge lamba kar ka miƙa makulli nan take, don wasu lambobin ba sa dawowa sai an kashe mota an sake tayarwa an yi tafiya karo na biyu. Fita da ita titi na'ura na jone, cikin gari da kan babbar hanya, ka ga lissafin man ya zauna ƙasa da 10. Sannan ka rubuta wa mai motar lambobin da ka tarar da waɗanda ka bari, ka haɗa masa da tsohuwar sensarsa, ka ce ya leƙo bayan mako guda a sake jonawa.