Kafin Ka Biya Mai Wayarin Cikon Kuɗinsa

Duk wanda ya gina gida a Gesse ko Badariya, ko ya buɗe shago a Argungu, ya san yadda ake rufe aikin wuta a wurinmu. Mai wayarin zai ɗaura soket na ƙarshe, a jawo waya daga fal, ya danna makunni, ƙwai ya kama, fanka ta juya. Sai ya waiwayo ya ce, "Alhaji, ga wuta ta kawo." Alhaji ya yi hamdala, ya ƙirga masa cikon kuɗinsa, a yi sallama. A ganin su biyun an gwada aiki ke nan.

A ilimin lantarki kuwa ba a gwada komai ba. Ƙwai zai kama ko da rigar wayar ta yage a cikin bango. Zai kama ko da an juya waya mai wuta zuwa inda bai kamata ba, zai kuma kama a gidan da babu wayar ƙasa ko taku ɗaya. Laifuffukan da ke kashe mutum ko su ƙone gida, kusan dukkansu ba sa hana ƙwai haske, shi ya sa suke shekara da shekaru a ɓoye. Mutanen Birnin Kebbi ba su manta da gobarar da ta ci babbar kasuwa a watan Maris na 2016 ba, a daidai lokacin da ta Sabon Gari a Kano ita ma ta ƙone. Bayan kowace gobarar kasuwa, abin da ke fara fitowa daga bakin jama'a shi ne, "Wuta aka maido." To, amma maido wuta ba ya ƙone shagon da wayarinsa ke da lafiya kuma aka sa masa kariya. Inda akwai rauni tun farko, nan yake ci.

Gwaji na gaskiya da na'ura ake yin sa, kuma mafi yawansa tun kafin a haɗa gidan da layi. Ana fara bin wayar ƙasa, a tabbatar ta taso daga akwatin rarraba wuta ta isa kowane soket ba ta yanke a hanya ba. Sai a ɗauko na'urar da masu sana'a ke kira mega, wadda ke tura wuta mai ƙarfin bolt 500 cikin wayoyin don a ga ko rigarsu na yoyo. Mafi ƙarancin abin da ƙa'ida ta yarda da shi megohm 1 ne, kuma sabon gida mai lafiya yakan nuna ninkin wannan sau da yawa. Idan ƙusar kafinta ta huda waya a cikin silin, ko an goge rigarta wajen jan ta cikin bututu, a nan asiri ke tonuwa. Ana kuma duba cewa makunni yana yanke waya mai wuta ne, domin idan aka juya, ƙwai zai mutu amma mazauninsa na nan da wuta, ranar da yaro ya hau kujera zai canja ƙwai sai ta ja shi. Ƙaramin sukundireban nan mai fitila a gindi, wanda kowane mai wayarin ke sokewa a aljihun gaba, ba ya iya ko ɗaya daga cikin waɗannan. Iyakarsa ya ce maka akwai wuta a nan.

Wayar ƙasa ita ce na fi son mai karatu ya tsaya a kanta, saboda a nan aka fi cutar masu gida, kuma yanayin ƙasarmu ya sa lamarin ya fi tsanani. Aikinta shi ne, idan wuta ta kuɓuce ta hau jikin firji ko dutsen guga ko injin rijiyar burtsatse, ta sami hanya mai sauƙi ta wuce cikin ƙasa, na'urar kariya ta yanke layi, maimakon ta bi ta jikin wanda ya taɓa. Sau da dama idan na kwance murfin soket a gidan da aka kira ni, sai in tarar da waya biyu kawai, ramin na uku fayau. Wani lokaci wayar na nan, kore da ruwan ɗorawa, amma an datse ta an cusa a bayan akwati, ba ta zuwa ko'ina. Idan ma an kai ta waje, sai ka ga guntun rodi mai tsatsa da bai kai kamu biyu ba, an soka shi a gindin katanga, an murɗa masa wayar da hannu. Mai gida ya biya kuɗin kariya, an ba shi kwalliya.

Ko sandar da aka kafa a ƙasa ta gaske ce, mai rufin jan ƙarfe, sai an auna ta. Ƙasar fadama ta bakin gulbin Rima tana riƙe damshi, tana karɓar wuta da sauƙi. Jigawa da ƙasar marmara ta kan tudu kuwa, da zarar hunturu ya wuce an shiga bazara, sai ta bushe ƙarau, sandar da ta yi kyau a watan Agusta ta zama kamar babu ita a watan Afrilu. Saboda haka gara a auna da rani, a kafa sandar ta nutse sosai, idan ɗaya ba ta isa ba a ƙara wata a haɗa su. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda tamu ta samo asali daga gare ta, tana ɗaukar duk awon da ya haura ohm 200 a matsayin abin da ba za a dogara da shi ba, kuma iya ƙanƙantar lambar, iya kyawunta.

Sana'ar kanta ta canja, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka koye ta shekaru talatin da suka wuce ba wanda ya zaunar da su ya gaya musu. A da, fis ne kariyar gida, kuma kowa ya san abin da ake yi idan ya ƙone: a tsinko silin waya a ɗaure, idan ya sake ƙonewa a ninka. Daga baya bireka ta maye gurbinsa. Amma fis da bireka duk waya suke karewa daga zafi, sai wuta ta kai amfiya 10 ko 20 ko 30 kafin su motsa, alhali abin da ke hargitsa bugun zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Don haka ƙa'idar yau ta ƙara wata na'ura, RCD, wadda a kasuwa aka fi sani da ELCB. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, idan ta ga miliamfiya 30 ta ɓace a hanya, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Ka tuna da matar da ke dafa ruwan wanka da hita a bokiti lokacin sanyi, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Ka tuna da mai sayar da ƙanƙara da azumi, da mai ajiye kifi a firiza a Argungu, hannunsa kullum a jiƙe. Waɗannan aka yi na'urar dominsu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, idan ta fara faɗuwa, wasu masu gyara sai su cire ta, ko su tsallake ta da guntuwar waya, su ce wai ta cika fitina. Ai faɗuwar tata sanarwa ce cewa wuta na yoyo a wani wuri, yoyon ake nema a toshe.

Launin waya ma ya canja. Tsohon tsari ja ne mai wuta, baƙi shi ne nutural. Sabon tsari, wanda Ingila ta koma kansa tsakanin 2004 da 2006, ruwan ƙasa ne mai wuta, shuɗi nutural, kuma kasuwanninmu cike suke da iri biyun. A layi mai fes uku, irin na injin casar shinkafa da na niƙa, abin ya fi haɗari: shuɗi a tsohon tsari wuta ce, a sabo nutural, baƙi kuma a tsoho nutural, a sabo wuta. Wanda ya dogara da launi kawai wajen ƙara sabon aiki a kan tsoho zai iya ƙone injin mutane, ko ya rasa ransa.

Ga kuma sola da inbata da suka shiga gidaje da masallatai da shaguna. Wutar da ke saukowa daga faranti da batir ba irin ta layi ba ce. Idan ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa, kuma birekar wutar layi ba ta iya yanke ta yadda ya kamata, tana da tata ta musamman. Janareta kuwa, duk wanda ya haɗa shi da gida ba tare da makunnin canji ba, yana iya tura wuta baya ta hau layi, ta kashe ma'aikacin da ke kan fal yana zaton layin a mace yake.

Sai ingancin wayar da zafin garinmu. Teburin da ke nuna nauyin da kowace waya za ta ɗauka an gina shi ne a kan zafin digiri 30. A Birnin Kebbi bazara na haura 40, ballantana cikin silin ƙarƙashin kwano da tsakar rana. A digiri 45, waya mai rigar roba tana rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta. Wanda ya ja wa na'urar sanyaya ɗaki wayar 1.5, wadda ta fitila ce, ya dasa gobara. Soket na son 2.5, manyan kaya kamar kukar lantarki na son 4 ko 6. Kuma kada ka yarda da rubutun jikin kwali. Ka fere bakin wayar, ka kankare silin da wuƙa. Idan jan ya goge fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka mayar wa mai shago abinsa.

Ba na ɗora laifin duka a kan masu wayarin. Na'urorin gwaji suna da tsada, kuma yaron da ya shekara biyar a hannun ogansa bai taɓa ganin an ɗauko mega ba, ta ina zai san da ita? Mu masu gida ma muna da namu kason. Mutum zai kashe miliyoyi a tayil da fenti da ƙofar ƙarfe, idan aka zo wayarin sai ya nemi wanda ya fi kowa araha, ya matse shi har sai ya rage kaurin waya ya zubar da wayar ƙasa kafin ya fita da abin cefane. Gwani mai tsoron Allah da ya sa kuɗin gwaji a lissafinsa, shi ake cewa ya cika tsada.

Doka kuwa ba ta yi shiru ba. Tun 2015 aka kafa hukumar NEMSA, wadda shugabanta ke riƙe da muƙamin Babban Sufeton Lantarki na Tarayya, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta sake tabbatar mata da aikinta: ita ke ba masu aikin wayarin takardar ƙwarewa, ita ke da alhakin duba aiki da gwada shi da ba da shaida kafin a sa masa wuta. A shekarar 2015 ɗin ce kuma hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da na wayarin. Kamfanin Kaduna Electric, mai raba wuta a Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna, a kan wannan tsari ya kamata ya riƙa haɗa sabon gini. Sai dai sufeto ba zai shiga kowane lungu ba. Wanda ke tsaye a kan aikin kullum, kuma kuɗi ke hannunsa, shi ne mai gida.

Don haka tun ranar ciniki ka faɗa wa mai wayarin cewa gwaji na cikin aikin, kuma akwai kason kuɗin da ba zai karɓa ba sai an yi shi. Ka nemi ganin takardarsa ta NEMSA. Wannan ba raini ba ne, kuma wanda ke da ita da murna zai nuna maka. Idan hannunsa na da kyau amma ba shi da na'ura, a kira mai ita a biya shi na yini ɗaya, kuɗin ba zai kai na ƙofa guda ba. Ranar gwajin ka kasance a wurin, ka ga lambobin da idonka, a rubuta su a takarda layi bayan layi, da kwanan wata da suna da sa hannun wanda ya auna. Ka sa a rubuta a jikin akwati wace bireka ce ta wane ɗaki. Ka adana takardar tare da takardun fili.

Mai tsohon gida shi ma bai tsira ba. Gidan zama a duba shi aƙalla duk shekara goma, shago da makaranta da masallaci da gidan haya duk shekara biyar, kuma duk ginin da ambaliya ta shiga, irin wadda ta yi ɓarna a Kebbi a daminar 2020, kada a mayar masa da wuta sai an auna. Idan kana da RCD, akwai ɗan maɓalli a jikinta mai harafin T. Ka danna shi lokacin da akwai wuta, sau biyu a shekara. Idan ba ta faɗi nan take ba, ta mutu, a canja ta. Soket da ya yi baƙi, warin ƙonewar roba, makunni mai zafi ko mai ƙara, famfo ko firji mai ɗan jan hannu, duk ba abin da za a ce sai an samu sarari ba ne. A kashe layin a kira gwani a ranar.

Ku kuma 'yan'uwana masu sana'a, abin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba, ƙungiya za ta iya. Ku haɗa kuɗi ku sayi na'urorin gwaji ko saiti biyu ne, ku riƙa karɓa bi da bi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru tana nan cikin Birnin Kebbi da malaman lantarki, ku nemi su shirya muku bita a kan sababbin ƙa'idoji. Ku tura yaranku su zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ko ta NABTEB, ku da kanku ku nemi takardar NEMSA. Kuma don Allah, kada oga ya sake yaye yaro sai ya ga ya auna gida guda cur da hannunsa, ya rubuta sakamakon, ya sa hannu a ƙasa.