Me ke sa ƙasa girgiza?

Ranar 8 ga watan Satumba 2023, da dare, ƙasa ta yi girgiza a Maroko. Gidajen ƙasa na ƙauyukan duwatsun Atlas suka rushe bisa mutane. Kusan mutum 3000 suka rasu.

Ga dalili. Ɓawon duniya ba guda ba ne. Ya yi kama da fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke. Manyan ɓangarori ne, kuma kowane yana tafiya. Tafiyar ba ta da sauri, kusan kamar tohon farce take. Ɓangaren Afirka yana tunkuɗar na Turai, Maroko kuwa tana kusa da mahaɗar. Duwatsun ƙarƙashin ƙasa suna matsuwa shekara da shekaru. Ranar da suka kasa jurewa sai su karye. Karyewar nan ita ce girgizar.

A gabashin Afirka ba tunkuɗa ba ce, ɓangaren ne ke tsagewa. Can cikin ƙasa akwai zafi mai narkar da dutse. Narkakken dutsen sai ya bi tsagar, ya fito. Haka dutsen Nyiragongo na Kwango ya yi aman wuta a 2002. Wutar ta malala har cikin garin Goma, ta cinye gidaje masu yawa.

Nijar tana tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da bakinsa. Shi ya sa babbar girgiza ke da wuya a nan. Amma a Abzin akwai duwatsun da suka yi aman wuta a zamanin da. Sun daɗe ba su yi aman wuta ba.