Darasi na Tara: Karanta Kwali Kafin Ka Biya

Kun fi ni sanin kasuwa. Uwargida tana bambance shinkafar gida da ta waje tun daga ƙamshi, ciniki kuwa ba mai koya muku. Ɗabi'a ɗaya ce ta hana ni barci: da mai kaya ya ce "ɗan waje ne", sai mu miƙa kuɗi ba mu duba kwali ba.

Kwanan baya yaron maƙwabcina ya kwana tari. Da safe uban ya dawo da kwalba a aljihu.

"Ungo, ba shi cokali biyu. Ɗan waje ne, mai ƙarfi."

Matarsa 'yar ajinmu ce. Ta jujjuya kwalbar. "Malam, ina kwalin?"

"Na yar a hanya. Kwalin zai sha?"

"To wa ya yi shi? Ban ga lambar NAFDAC ba, ranar lalacewar ma an kankare."

"Oho! Wata uku a makaranta har kin zama likita?"

Surukarta ta leƙo daga ɗaki da carbi a hannu. "Ke, ba shi mana! Da tsada fa aka sayo."

"Ki yi haƙuri, Inna, sai an duba." Ta ƙulle kwalbar a bakin zane, ta goyi ɗanta, sai asibiti. Har yau maigidan yana cewa an raina shi. Ni kuwa haushinsa nake ji, domin ya iya karatu, ƙyuya ce kawai.

A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya bayan shan magungunan tari da mura da aka shigo da su daga Indiya. Kada kuma ku ce na gida ba ya kisa. Tsakanin 2008 da 2009 maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a Legas, ya kashe yara 84. Guba iri ɗaya aka samu, sinadarin da ake sawa a man birki. Na gida ne ko na waje, a karanta kwali.

Kwalin nan shi ne igiyar da za a kama mai laifi da ita. Masu My Pikin suna nan ƙasar, da suna da adireshi, kotu ta ɗaure biyu daga ma'aikatansu. Babban kamfanin waje kuwa kama shi sai an sha wuya. Mutanen Kano ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, lokacin da Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka rasu. Kamfanin bai amsa laifi ba, kuma sai 2009 ya amince ya biya dala miliyan 75. Shekara 13 ke nan, alhali an san sunansa da gidansa. To, kwalbar da ba suna ba adireshi, wa za ka kai ƙara?

Ku nemi sunan kamfani da adireshinsa, lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. In ɗaya babu, mayar wa mai kanti kayansa, komai arha. In ka saya, kada ka yar da kwali sai abin ya ƙare. Kada ka yar da kwali!

Gobe kowa ya zo aji da kwali ɗaya daga gida, na magani ko madara ko man shafawa, mu karanta tare.