Amsoshin Tambayoyinku: Allon Taɓawa, ko Allura da Maɓalli?

Tambaya: Ni direba ne, ina jigilar albasa da fasinja tsakanin Sukukutane da Dogondutsi. Maigidana ya sayo wata mota 'yar Amurka, komai nata cikin gilashi yake kamar wayar hannu, ko sanyi kake so sai ka shafa. Yaran tasha sun ce haka motocin manyan attajirai suke yanzu, allura da maɓalli sun zama tsohon yayi. Amma an nuna mini wata motar tsere mai tsadar gaske a waya, na ga allura ce a gaban direbanta. Ina gaskiyar take, kuma wanne ya fi?

Daga wani direba, Sukukutane

Amsa: Sannu da hanya, Malam direba. Idonka bai ruɗe ka ba. Yaran tasha labarin shekara goma baya suke ba ka.

Ba mamaki Bugatti ce aka nuna maka. A watan Yunin 2024 wannan kamfani na Faransa ya fito da wadda ya kira Tourbillon. Guda 250 kacal za a ƙera, kowace a kan Yuro miliyan 3.8, kusan sefa biliyan biyu da rabi ke nan. Agogunan da ke gaban direbanta maƙeran agogon hannu na ƙasar Suwizaland ne suka haɗa su da ƙananan sassa fiye da 600, har kana hango haƙoran ƙarfen suna juyawa a bayan allurar. Tana da ɗan ƙaramin allo, amma a ɓoye yake, sai direba ya neme shi yake fitowa. Dalilinsu shi ne suna son motar ta daɗe ba ta tsufa a ido ba, allo kuwa shekaru kaɗan suke mayar da shi tsohon kaya.

Labarin Ferrari ta Italiya ya fi wannan koyarwa. Daga 2019 ta cire maɓallan kan sitiyari ta sa wuraren shafawa, har da na tayar da injin. Masu saye suka yi ta ƙorafi cewa hannu yana gogar wurin ba da niyya ba, wani abu ya kunnu ko ya canza. A 2025 da ta fito da Amalfi sai ta dawo da maɓallai na gaske, da jan maɓallin tayar da injin. Porsche ta Jamus ita ce ta bi wata hanya dabam. Shekara sittin motarta 911 tana da allurar juyin injin a tsakiyar agogunanta, a 2024 ta mayar da ita hoto cikin allo, masoyanta da yawa ba su ji daɗi ba. Ka ga su ma can kansu bai haɗu ba.

To me ya cika motoci da allo tun farko? Tesla ce ta buɗe wannan yayi a 2012 da allo mai inci 17. Amurka kuma daga watan Mayun 2018 ta wajabta wa kowace sabuwar ƙaramar mota kyamarar baya, shi ya sa da wuya ka ga 'yar Amurka ta kwanan nan ba allo. Sai babban dalili, wanda dillalai ba sa faɗa: araha. Kowane maɓalli yana da wayarsa da mazauninsa da gwajinsa, allo guda kuwa yana haɗiye su da yawa. Da ya zama ko ƙaramar mota tana da shi, sai masu motocin alfarma suka koma neman abin da ba kowa ke iya ƙerawa ba.

Yanzu wanne ya fi. A 2022 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Vi Bilägare, ta yi gwaji a wani filin jirgi. Direba yana gudun kilomita 110 a awa, aka ba shi ayyuka huɗu irin na kullum, kamar canza tashar rediyo da ƙara zafin cikin mota. A tsohuwar Volvo V70 ta 2005 mai maɓallai ya gama cikin daƙiƙa 10. A wadda ta fi jinkiri, MG Marvel R mai allo, ya kusa daƙiƙa 45, motar ta ci fiye da kilomita ɗaya da mita 300 hankalinsa yana rabe. Hukumar Euro NCAP mai ba motocin Turai makin aminci ita ma ta shigo cikin maganar: daga 2026 tana son sigina, fitilar haɗari, oda, waifa da kiran gaggawa su kasance abin da hannu zai kama, ba a binne cikin allo ba.

Wancan gwaji a kan shimfiɗaɗɗen fili aka yi shi. Kai kuwa ka san gargada. Mota tana rawa, ka miƙa yatsa za ka rage sanyi, ya sauka kan rediyo, ka sake ɗaga ido ka duba. Maɓalli yana da tudu da gefe, yatsa yana dafa shi ya huta a kai, yana jin ƙarar shigarsa, ido bai bar hanya ba. Ko a kan kwaltar Dogondutsi zuwa Ƙwanni, mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 kowace daƙiƙa. Kallon allo na daƙiƙa uku ya kai mita 66, kuma a cikin wannan tazara amalanke ko garken awaki suna iya shigowa. A nan ba ni da wata tantama: duk abin da ake taɓawa mota tana tafiya, maɓalli ya fi.

Ban ce allo ba shi da amfani ba. Kyamarar baya tana nuna yaron da ya tsuguna bayan mota a kasuwa, wanda madubi ba ya kamawa. Taswira ma sai da shi. Matsalarsa a ƙasarmu rana ce da ƙura. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe. Mannin da ke riƙe gilashin yana sakewa, ka ga kumfa a gefe, ko wani sashe ya daina jin yatsa. Idan kuma komai ta cikinsa yake bi, ranar da ya mutu da su zai tafi. A 2021 sai da Tesla ta kira motoci kimanin 135,000 domin gyara, saboda mutuwar allonsu tana ɗauke kyamarar baya da na'urar share hazon gilashi. Maɓalli ɗaya in ya lalace makanike yana canza shi ko ya yi masa dabara. Allo sau da yawa sai an nemo wani ɗungurungum, wataƙila daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 270 daga Dogondutsi.

Wani abu kuma kada ka sha'afa da shi. Allurar zamani ba irin ta Fijo 504 ba ce, wadda igiyar ƙarfe ke juyawa daga akwatin giya. Yau ɗan ƙaramin inji ne ke motsa ta bisa umarnin kwamfutar mota. A motoci da yawa an tsara allurar zafi ta zauna tsakiya ko da zafin yana ɗan hawa da sauka, saboda haka in ka ga ta ɗaga sama, abin ya riga ya yi nisa. Ka tsaya nan take.

Ita kuma motar maigidanka, ka zauna da ita wata rana tana tsaye ka koyi maɓallan da ke kan sitiyari, domin yawancinsu suna yin aikin ƙara murya da amsa waya. Ka daidaita sanyi da rediyo kafin ka saka giya. In za ka ajiye ta a rana ka rufe gilashin gaba da kwali, kuma kada ka goge allon da busasshen tsumma alhali ƙura tana kansa: ka fara hure ta, sannan ka bi da ƙyalle mai taushi da ɗan danshi.