Taswirar da ke Nuna Tudu da Kwari



Wasiƙarmu ta farko a filin amsa tambayoyinku daga wani ɗalibi ce a Zariya. Ya ce ya ga taswirar gaɓar tekun kudu maso yammacin Ingila cike da lanƙwasassun layuka ruwan ƙasa, yana son sanin amfaninsu.

To, ɗan'uwa, kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu daga saman teku ya zo ɗaya. A taswirar matafiya ta hukumar Ordnance Survey, wadda aka kafa a 1791, santimita 4 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa, tsakanin layi da layi kuma hawan mita 5 ne, ko 10 a yankin duwatsu. In layukan sun ware, ƙasa a shimfiɗe take. In sun matsu kamar haƙoran mataji, hawa ne mai sa haki, ko gangare mai haɗari.

Hanyar ƙafa da ke bin wannan gaɓa, daga Minehead zuwa Poole, kilomita 1,014 ce. Ƙoramu sun tsattsaga gaɓar, sai ka gangara kwari, ka haye ruwa, ka sake hawa. In aka tara hawan gaba ɗaya ya kai kusan mita 35,000, wato kusan ninki huɗu na tsaunin Everest, alhali wuri mafi tsayi a hanyar, Great Hangman, mita 318 ne kacal. Wanda ya auna nisa kaɗai bai karanta layukan ba, dare zai riske shi a hanya.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi, tana tambaya me ya sa hanyar ta manne wa bakin dutse haka. Hajiya, masu gadin gaɓar teku ne suka fara takata suna farautar 'yan fasa-ƙwauri, dole su leƙa kowane lungu da jirgin ruwa zai iya ɓuya.

In muka koma kan taswirar, tana kuma nuna iyakar cikar teku da janyewarsa, domin rairayin da ka taka da safe ruwa kan rufe shi da rana.

Ɗalibai, ku dage ku koyi karatun taswira, ilimi ne mai ceton rai. Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku.