Darasi: Girgizar Ƙasa Da Amanar Gini



A 2010 an yi girgizar ƙasa biyu, tsakaninsu bai kai wata biyu ba. Ta Haiti, mai maki 7.0, ta kashe sama da mutum dubu ɗari. Ta Chile mai maki 8.8 ce, ƙarfinta ya ninka na farko sau ɗaruruwa, amma mamatan ba su kai dubu ɗaya ba. Ajali na hannun Allah, wannan ba musu. Sai dai Allah Ya sanya wa komai sababi. Chile na da dokar gini mai tsauri, kuma ana bin ta: yawan rodi, kaurin ginshiƙi, yadda za a ɗaure shi da dakin ta yadda gini zai yi lilo bai zube ba. A Haiti kusan kowa yadda ya ga dama yake ɗorawa.

Turkiyya kuwa tana da dokar, amma a 2018 aka yafe wa gine-ginen da suka saɓa mata, mai gida ya biya kuɗi a ba shi takarda. Girgizar Fabrairun 2023 ta kashe fiye da mutum 50,000 a can.

Wani zai ce, Malam, mu a Gusau ina ruwanmu? To, ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ta motsa a Mpape ta Abuja a 2018. Kuma abin tsoron, mu namu ginin ba ya jiran girgiza. A Yulin 2024 benen wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin aji, mutum 22 suka rasu. Alhali tun 2006 Najeriya ke da kundin dokar gini.

Mai buga bulo da ke ƙara yashi ya rage siminti, da maginin da ke karɓar kuɗin rodi mai kauri ya sa siriri, algus suke yi. Ya ma fi na mudu muni, don shi filasta na rufe shi, sai ranar da ya faɗo kan mutane.

Kwamitocin masallatai da Islamiyyu, daga Gusau har Tsafe da Bunguɗu, ku ne a raina. Ajin da aka yi wa fandishon ƙasa, kada a ɗora masa bene don kawai ɗalibai sun ƙaru kuma an samu mai taimako. A kira injiniya ya duba fandishon, a kai zanen hukumar tsara birane. Kuɗin injiniyan a cikin kuɗin ginin yake, ku sa shi tun ranar da za ku fara neman gudummawa.