Kafin a Gina Maka Shafin Intanet, San Sunan Abin da Kake Saye

Mai shirin gina gida a Dutsi ya san fili, ya san takardar fili, ya san bulo da yaɓe, don haka magini ba ya juya shi yadda ya so. Amma sai ka ga shugaban makarantar Islamiyya ko sakataren ƙungiyar ci gaban gari ya tafi Daura ko Katsina a haɗa masa shafin intanet, ana jero masa kalmomi yana gyaɗa kai, ya biya kuɗi ya dawo bai san abin da ya saya ba. Wannan yana damuna, domin kalmomin ba su taka kara sun karya ba.

Na farko shi ne domen, wato sunan shafinka, adireshin da mutum zai rubuta ya iso gare ka. Na Najeriya suna ƙarewa da .ng, kuma ƙungiyar NiRA ce ke kula da su: .com.ng na 'yan kasuwa, .org.ng na ƙungiyoyi, .sch.ng na makarantun firamare da sakandare, .gov.ng kuwa na gwamnati kaɗai. Ba a mallakar domen har abada. Haya ce ta shekara-shekara, in wa'adi ya wuce ba ka sabunta ba wani na iya ɗauka. A nan nake so ka fi buɗe ido. A yi rajistar da sunanka da imel ɗinka, ba da na yaron da ya haɗa maka ba, ko da ɗan yayarka ne. Yau kuna tare, gobe ya tafi bautar ƙasa ko ya canja lamba, sai ka wayi gari kana sallama a ƙofar gidanka.

Na biyu shi ne hostin, wato filin da za a gina shafin a kai. Wata kwamfuta ce da ba a kashewa dare da rana, ana ce mata saba, a cikinta ake ajiye rubuce-rubucenka da hotuna. Shi ma haya ne, kuma kuɗinsa dabam da na domen, ko da a rasiti ɗaya aka haɗa su.

Sai ginin kansa. HTML shi ne bulo, shi ke nuna nan kanun magana ne, nan hoto ne. CSS shi ne yaɓe da fenti, wato launi da girman haruffa. Burauza, irin su Chrome da Opera Mini, ita ke karanta su ta nuna wa baƙo. Shafin farko zaure ne, fayil ɗinsa yawanci index.html ake kiransa, daga nan mahaɗai ke kai mutum sauran ɗakuna. A kan mahaɗin nan Tim Berners-Lee ya ɗora tsarin shafukan intanet gaba ɗaya a cibiyar CERN a 1989.

Ba dole ka iya rubuta HTML ba. Manhajoji irin su Dreamweaver, da WordPress da ta fito a 2003, suna yi maka wannan aikin. A WordPress za ka zaɓi jigo, wato zanen gida da aka riga aka tsara, ka zuba naka bayanin.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. In shafinka na Hausa ne, ka ce a sa shi a tsarin UTF-8, a kuma zaɓi salon haruffan da ya san ɓ, ɗ da ƙ. In ba haka ba, sai ka tarar da akwati ko alamar tambaya a tsakiyar "ƙasa" da "ɗalibi". Hotuna kuma a rage musu nauyi, domin masu ziyartarka da waya za su zo, da 'yar datar da suka saya. A tabbatar adireshin ya fara da https, kuma takardar shaidar hakan cibiyar Let's Encrypt na bayar da ita kyauta.

Ranar karɓar aiki, malam, buɗe shafin a wayarka a gaban mai haɗawar. Kada ka cika masa kuɗi sai ya damƙa maka kalmar sirrin domen, ta hostin da ta shiga shafin, ka gwada kowacce da hannunka, sannan ka rubuta ranar sabuntawa a littafinka.